Daga Ramin Kwal Zuwa Ƙofar Gida: Sharhi Kan Wani Littafin Tarihin Inugu

Duk wanda ya tashi a Minna ya san garin nan layin dogo ne ya raya shi. Layin Baro zuwa Kano da aka kammala a 1911 ta nan ya ratsa, na Legas kuma nan ya zo ya same shi, shi ya sa kakannin da yawa daga cikinmu suka sauke kayansu a nan, wasu leburori, wasu mahauta, wasu fatake. To amma ka tare yaron yau ka tambaye shi, me jirgin nan yake ci kafin zuwan injin dizal? Da wuya ya sani. Kwal yake ci, wato baƙin gawayin nan da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, kuma daga Inugu ake kawo shi. Tsofaffin 'yan reluwe da suka rage sun san tsibinsa a tasha, sun san yadda yake ɓata riga. Mutanen da suke shiga rami su saro shi ne ba mu taɓa tambayar labarinsu ba.

Littafin da nake so mu duba a wannan fitowa labarin waɗannan mutane ya ƙunsa. Sunansa We Were All Slaves, wato "dukkanmu bayi ne". Wata malamar tarihi Ba'amurkiya, Carolyn Brown, ta rubuta shi, ya fito a 2003. Ya bi mahaƙan kwal na Inugu tun daga buɗe ramin farko har zuwa harbin da 'yan sanda suka yi musu a 1949. Wani zai ce, mu da muke Tudun Fulani, ina ruwanmu da ƙauyukan Ibo? Ku yi haƙuri ku biyo ni. Abin da littafin ya yi daidai darasi ne a gare mu, inda ya gaza kuwa, a daidai wurin da irinmu suke zaune ne ya gaza.

Ga tarihin a taƙaice. A 1909 Turawan binciken ma'adinai suka gano kwal a tsaunukan Udi. Saboda shi aka gina Fatakwal, don a samu tashar da za a loda shi a jirgin ruwa, aka kuma ja layin dogo daga can zuwa Inugu, ya iso a 1916. Ramin na gwamnati ne, babban mai sayen kwal ɗin kuma hukumar jirgin ƙasa ce. Daga baya layin ya miƙe ta Makurdi da Kafanchan ya haɗu da namu a Kaduna a 1927. Inugu kanta ba tsohon birni ba ce irin Kano ko Katsina. Sansanin leburori ce a gindin tsauni, ƙasar mutanen Ngwo da maƙwabtansu, sai ta yi ta girma har ta zama hedikwatar Jihar Gabas. Ko a nan ma ai ta yi kama da Minna: ƙasar wasu ce, dogo ya kawo baƙi, baƙi suka yi yawa, gwamnati ta zo ta zauna.

Abu na farko da ya burge ni shi ne marubuciyar ba ta tsaya ga takardun Turawa kawai ba. Ta karanta su, ƙwarai kuwa, amma ta je ƙauyuka ta zauna da tsofaffin mahaƙa ta saurare su. Bambancin a fili yake. A takardar Bature, lebura lamba ce: mutum nawa suka zo aiki yau, kura nawa aka cika, nawa aka biya. A bakin tsoho kuwa sai ka ga mutum da sunan garinsu, da bashin da ke kansa, da matar da yake nema. Littafin ya nuna yadda aikin yake a cikin rami: mai sara da diga a duƙe, mai tura kura a kan ɗan ƙaramin dogo, mai kafa katako yana tokare rufin rami don kada ya rufta. Kowane yana da matsayinsa, mai sara shi ne gaba, domin in bai sara ba kowa ya tsaya. Bature yana da muƙami da albashi, amma sanin lokacin da dutse zai faɗo yana wurin wanda ya shekara goma yana sauraren ƙarar katako.

Abu na biyu, kuma a ganina nan ne zuciyar littafin, shi ne yadda ta bi lebura har gida. Da yawa daga cikin mahaƙan ba su tare a cikin gari ba. A ƙauyukansu suke, su yi sammako su sauko aiki, su koma, damina ta zo su duba gona. Saboda haka kuɗin kwal a ƙauye aka gan shi. Da shi saurayi ya biya kuɗin aure ba sai ya jira uba ko kawu ba. Da shi aka rufa kwano, aka sa yara makaranta, aka sayi sarautun gargajiya irin nasu. Ka ga ke nan albashi ya shiga tsakanin uba da ɗa, ya canza wa ke da magana a gida. Duk wanda ya ga yadda gidajenmu suka sauya sa'ad da ɗan autan da ya samu aikin gwamnati ya zama shi ake jira kafin a yanke shawara, zai gane wannan babi ba tare da an fassara masa ba.

Akwai kuma maganar bauta, wadda ta ba littafin sunansa. A yankin Nkanu, kudu da Inugu, jama'a sun kasu biyu: 'ya'ya masu asali, da zuriyar bayi. Da aka fara aikin rami da na dogo, Turawa ba su samu masu zuwa da son ransu isassu ba, sai suka bi ta hannun sarakunan da su da kansu suka naɗa da takarda, domin waɗannan ƙauyuka ba su da sarki irin wanda muka sani a ƙasar Hausa. Sarki ya tara matasa ya tura, a biya shi ladan kowane kai. Ga ɗa mai asali, a kore shi aiki kamar bawa cin mutunci ne da bai manta ba har tsufansa. Ga zuriyar bayi kuwa, albashin nan ƙofa ce ta buɗe, suka fara cewa ba za su ƙara yi wa kowa noma kyauta ba, har aka yi rigingimu a kan haka a shekarun 1920. Aiki ɗaya, wani ya gan shi bauta, wani ya gan shi hanyar fita daga bauta. Marubuciyar ba ta ɓoye ko ɗaya ba, kuma wannan adalci ne da ba kowane mai rubuta tarihin gari yake iyawa ba.

Mafi shahara cikin waɗancan sarakuna shi ne Onyeama na garin Eke, wanda ya rasu a 1933. Ya yi ƙarfi, ya yi dukiya, kuma samar da leburori na cikin manyan hanyoyin da ya same ta. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Yanzu ku lura da wani abu da ya tsaya mini a rai bayan na rufe littafin. Ɗansa, Charles Dadi Onyeama, ya zama alƙali a Kotun Duniya daga 1967 zuwa 1976. Jikansa Geoffrey Onyeama ya yi ministan harkokin wajen Nijeriya daga 2015 zuwa 2023. Wani jikan, marubuci Dillibe Onyeama, ya rubuta littafi guda a kan kakan nasu. Har ɗaya daga cikin ramukan kwal na Inugu sunan Onyeama aka sa masa. Ba ina ɗora wa jikoki laifin kaka ba ne, kowa da nasa aikin, kuma sun yi wa ƙasa hidima. Abin da nake nunawa shi ne gidan da ya samu boko da wuri, shi ne tarihinsa ya shiga takarda. Dubban gidajen da suka ba da 'ya'yansu ga rami, ba don irin wannan littafi ba, da ko ambatonsu ba za a ji ba.

Ƙarshen littafin shi ne ranar 18 ga Nuwamba, 1949. Mahaƙa suna bin bashin albashi na lokacin da ake yi musu wani tsari na karɓa-karɓa, inda ake rubuta mutane fiye da aikin da ke akwai, mutum ya taso tun asuba a ce yau ba da shi ba. Ƙungiyarsu, ƙarƙashin sakatarenta Okwudili Ojiyi, ta shiga yajin jan ƙafa: ana zuwa aiki, amma ana yinsa a hankali. Hukuma ta kori wasu, ma'aikata suka zauna a rami suka ƙi fita don kada a rufe ƙofa a bar su waje. Gwamnati ta ji tsoron nakiyoyin fasa dutse da ke ajiye a wurin za su faɗa hannun 'yan siyasa masu zafi, ta tura 'yan sanda su kwashe. A ramin Iva Valley, wani Baturen ɗan sanda mai suna Philip ya ba da umarnin harbi. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni, ba wanda ke riƙe da bindiga a cikinsu. Tarzoma ta tashi a Aba da Fatakwal da Anacha da Kalaba, aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin alƙali Fitzgerald, kuma abin ya ƙara wa masu neman mulkin kai ƙarfi.

A makaranta, in ma an koya mana wannan, layi biyu ne: an harbe ma'aikata, 'yan kishin ƙasa sun fusata. Littafin ya ƙi yarda a mayar da mamatan nan tsani kawai na hawan 'yan siyasa. Da yake ka riga ka bi su shekara talatin da wani abu, ka san abin da albashin yake nufi a gidajensu, sai harbin ya zama maka mutuwar magidanta, masu mata da 'ya'ya da kuɗin makarantar da ba a gama biya ba. Wannan ita ce babbar nasarar marubuciyar, kuma da ita kaɗai littafin ya cancanci karatu.

To, yabo ya isa haka, bari in faɗi inda na ga gazawa.

Na farko, nauyin harshe. Da Turancin jami'a aka rubuta shi, kuma akwai shafuka da yawa da marubuciyar take muhawara da 'yan'uwanta malamai a kan ra'ayoyin ilimin ƙwadago. Wannan yana da amfani a wurinsu, amma jikan mai sara da ke sayar da kayan gyaran mota a Coal Camp yau, anya zai kai shafi na hamsin? An karɓi labari daga bakin talakawa, an mayar da shi cikin yaren da talakawa ba sa ji. Ni ma aro na samu a hannun wani abokina malamin tarihi, ban taɓa ganinsa a kanti a Minna ba.

Na biyu, mata. Littafin ya damu ƙwarai da mazantaka, wato yadda aikin rami ya zama abin da namiji ke nuna kansa da shi. Wannan ya fito da kyau. Amma gidan da muka shiga, ta ƙofar maigida muka shiga, da albashinsa a hannu. Matar da ta riƙe gona sa'ad da yake rami, wadda ta ja kuɗin sati ya kai wata, wadda ta zauna da shi da tari ya kama shi ko dutse ya karya masa baya, muna hango ta, amma ba mu zauna da ita yadda muka zauna da shi ba. Tarihin iyali kuwa, kowa ya sani, rabinsa mafi girma yana ɗakin tsohuwa. Ita ta san wa ya auri wa, wa ya rasu a wace shekara, wace gona aka jinginar don a yi wa wane magani.

Na uku shi ne ya fi shafar mu: garin kansa. Littafin ya taɓo rayuwar cikin Inugu, ya kuma nuna tsamin da ke tsakanin Ibon yankin, waɗanda su ne akasarin masu shiga rami, da Ibon da suka zo daga Anacha da Oka da Owerri, waɗanda suka riga su boko suka zama akawuna da tafintoci da masu sana'ar hannu. Baƙin nan har laƙabi suke yi wa 'yan ƙasa, suna ce musu Wawa, daga yadda suke faɗin "a'a" a karin harshensu, ba wawa irin namu na Hausa ba, ko da yake a bakin mai faɗa da raini a ciki. Amma garin ma'adinai ba masu haƙa kaɗai ke cikinsa ba. Wa ke kawo naman da leburori ke saye ranar albashi? Shanun daga Arewa suke, mutanenmu ne suka kora su ko suka loda su a jirgi, suka kafa zango, suka yi masallaci, suka naɗa sarkin Hausawa. Waɗannan ba za ka same su a tsakiyar labarin ba.

Kuma da yake littafin ya tsaya a kan harbin 1949, bai kai ga abin da ya biyo baya a majalisar gari ba. A 1956 Inugu ta samu matsayin birni mai magajin gari, kuma wanda ya fara riƙe kujerar shi ne Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, ɗan jam'iyyar NCNC ta Azikiwe. Yanzu ana yawan yaɗa labarinsa a matsayin shaidar cewa a da ba a san ƙabilanci ba. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka ba. A siyasar Inugu ta lokacin ana jan igiya ne tsakanin 'yan ƙasa da baƙi a kan wa zai riƙe majalisa, da filaye, da rumfunan kasuwa, kuma Altine ya hau ne a tsakiyar wannan ja-in-ja, ta hanyar aikin jam'iyya na shekaru. Wannan shi ne ainihin abin da mazaunin unguwa irin tamu yake bukatar ya fahimta: yadda baƙo ke samun murya a majalisar garin da ba na kakansa ba, da abin da ke faruwa in igiyar ta tsinke. Mun san dai yadda 1966 da yaƙin da ya biyo baya suka watsa zaman baƙi a Gabas da Arewa duka.

Don in yi adalci, marubuciyar ba ta ce za ta rubuta tarihin birnin Inugu ba, na ma'aikatan rami ta ɗauka, kuma ta sauke. Ƙorafina ya fi komawa kanmu. In Ba'amurkiya ta tsallako teku ta zauna da tsofaffin Udi, wa ya hana ɗan Hausawan Inugu ya zauna da tsofaffin zangonsu? Kuma hanyar nan ai biyu ce. Azikiwe a Zungeru aka haife shi a 1904, nan kusa da mu. Marubuci Cyprian Ekwensi a Minna aka haife shi a 1921. Dogon da ya kai mutanenmu can shi ya kawo nasu nan, kuma kwal ɗin nan ne ke tura jirgin.

Kada kuma wani ya ɗauka labarin rami na Kudu ne kawai. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, an yi diban gwamna, aka kwashi dubban talakawan Arewa aka kai su haƙar kuza a Jos bisa tilas, ta hannun sarakuna da hakimai, da yawa sanyi da cuta suka kashe su. Gida nawa ne a cikinmu ke da kakan da aka ɗiba, kuma wa ya rubuta sunansa? A Maiganga, cikin ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe, ana haƙar kwal don kamfanin siminti na Ashaka, har sai da aka tashi ƙauyen aka canza masa wuri. Yaran da aka haifa a sabon matsuguni, wa zai gaya musu inda gonar kakansu take? A jiharmu ta Neja, gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a 2015. A watan Yunin 2024 rami ya rufta da masu haƙa a Galadima Kogo ta ƙaramar hukumar Shiroro. Mun ji a rediyo, mun yi salati, mun wuce. Sun koma lamba, kamar yadda leburan Inugu ya zama lamba a takardar Bature.

Inugu ta nuna mana ma'adini yana ƙarewa, ko kasuwarsa ta mutu. Jirgin ƙasa ya koma dizal, yaƙi ya zo, ramukan suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Yau sunan Birnin Kwal ne ya rage, da mutum-mutumin tunawa da mahaƙan 1949 a wani shataletale. Abin da aka rubuta kafin tsofaffi su tafi, shi kaɗai aka tsira da shi. Yawancin dattawan da suka ba wannan marubuciya labari, da ta yi jinkirin shekara ashirin, da kabarinsu za ta tarar.

Mu dawo gida. Tudun Fulani tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Bosso, kuma kullum faɗaɗa take yi. Wa ya fara sauka a nan, daga ina ya zo, a hannun wa ya karɓi fili, a kan wane sharaɗi? Wace shekara aka gina masallacin farko, aka buɗe firamare, aka ja wuta? Su wa suka riƙe unguwa, bi da bi? In ka tambayi mutum biyar za ka ji amsa biyar, kuma ranar da rigimar fili ta tashi ko aka zo rabon kujerar kansila, rashin wannan sani shi ke cutar da mu. Darasin littafin nan mai sauƙi ne. A haɗa takarda da baki: rasiɗin haraji, takardar fili, katin fansho na reluwe da ke ƙasan adaka, sannan a zauna da mai su. A gyara kuskurensa kuma: a fara da ɗakin Hajiya kafin zauren Alhaji, a je wurin Gwarawan da muka tarar a ji nasu ɓangaren, a rubuta har da abin da ba ya yi mana daɗi, a kuma rubuta da Hausar da jikanmu zai karanta wa kakarsa ta ce e, haka aka yi, ko ta ce a'a, gyara nan. Wayar da ke aljihun kowane saurayi tana ɗaukar murya, ba sai an jira wata jami'a ba.

Wanda yake jin Turanci ya nemi littafin ya karanta, ya daure wa shafukan muhawara, abin da ke bayansu ya kai a sha wuyarsa. Wanda bai ji ba, ya je ya gaida tsohon da ke gidansu yau da daddare, ya tambaye shi yadda aka yi suka zo Minna. Waiwaye adon tafiya ne. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya jiƙan duk wanda ya fita neman halal bai dawo ba, amin.